Sabon rumbu ba ya cika kansa: maganar sauya kwamfutocin ma'aikatunmu

Ranar 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau tsarin da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin da ke bisa teburan ma'aikatu. Mai karatu zai ce: ina ruwan mutumin Bune, can cikin gundumar Gure, da shawarar da aka yanke a bayan teku? To, da ruwansa ƙwarai. Duk biron da ya fara zuba sunayen jarirai, lissafin haraji, jerin ƴan makaranta ko albashin ma'aikata cikin kwamfuta, dole wata rana ya sauya na'ura ko ya sauya tsarinta. Ranar wannan ƙaura ita ce ranar da aka fi yin asarar takardun jama'a.

Ra'ayinmu a nan guda ne. Dukiyar ma'aikata ita ce abin da aka rubuta cikin na'ura, ƙarfen kuwa mazubi ne kawai. Saboda haka kada wani shugaba ya sa hannu cewa aikin sabunta kaya ya ƙare, sai ya ga da idonsa cewa kowace takarda ta iso sabon wuri, tana buɗuwa, tana buguwa, kuma baƙaƙenta ba su lalace ba.

Bari mu fara da bayani domin ƴan'uwa da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, waɗanda ba su saba da wannan kaya ba. Kwamfutar tebur abu uku ce. Akwai ƙarfe, wanda ya haɗa da babban allon da kome ke manne da shi da kuma faifan ajiya. Akwai tsarin gudanarwa, irin su Windows ko Linux, wanda shi ne mai gida: shi ke tada na'ura, shi ke raba aiki. Sai kuma takardun da mutane suka rubuta. Ƙarfe ana sayensa a kasuwa, tsari ana iya sake zuba shi. Amma jerin haihuwar ƙauyuka na shekara goma, in ya ɓace, babu kantin da ke sayar da shi a Damagaram ko a Kano.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. An daina kula da Windows XP a watan Afrilu 2014, an daina kula da Windows 7 a watan Janairu 2020. Abin da ya sa na yanzu ya fi tsanani shi ne Windows 11, wanda ya fito a watan Oktoba 2021, yana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Yana bukatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da sabuwar hanyar tada na'ura da ake kira UEFI, da ƙwaƙwalwar aiki ta jiga 4 aƙalla, da wurin ajiya na jiga 64. A ɓangaren kamfanin Intel kuwa, galibin na'urorin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarar 2017 ba su cikin jerin waɗanda aka yarda da su. Ke nan na'ura tana iya kasancewa lafiya lau, amma a ce mata ba ta da shiga. Ma'aikatar da ke son ci gaba da samun gyaran tsaro na Windows 10 sai ta biya, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara, har iyakar shekara uku.

To, mene ne ke faruwa idan an kawo sabon ƙarfe? Mutane da yawa suna zaton ya isa a ciro tsohon faifai a sa shi cikin sabuwar na'ura. Wani lokaci hakan yana yi, sau da yawa kuma ba ya yi. Ga manyan dalilai, domin shugaban biro ya san abin da zai tambayi mai gyara.

Na ɗaya, na'ura ta ƙi tashi, ta ce ba ta ga faifai ba. Yawanci faifan bai mutu ba. Tsofaffin faifai an shata su ne bisa tsarin da ake kira MBR, wanda ke tafiya da tsohuwar hanyar BIOS, sabuwar hanyar UEFI kuwa tana neman shatar GPT kafin ta tada Windows. Tun shekarar 2017 Windows 10 yana ɗauke da wata ƴar manhaja mai suna MBR2GPT da ke juya shatar ba tare da goge takardu ba. Mai gyaran da bai san da ita ba, ko mai gaggawa, sai ya ce a goge kome a fara daga farko. Nan ne asara take.

Na biyu, na'ura ta fara tashi sai allo ya yi shuɗi ta tsaya. Wannan yakan zo ne daga rashin tafinta. Kowane ɓangare na ƙarfe yana da wata ƴar manhaja da ke fassara magana tsakaninsa da tsarin gudanarwa, kamar yadda tafinta ke tsayawa tsakanin baƙo da mutanen gari. Tsohon tsari ya zo da tafintocin tsohon allo, ya tarar da sabon allo mai wani harshe dabam. Wani lokaci kuma gyaran bai wuce a daidaita yadda allon ke magana da faifai ba, cikin saitin farko na na'ura.

Na uku, kome ya tashi amma na'urar buga takarda ta yi shiru. Ita ma maganar tafinta ce: tsohuwar na'urar bugu ba lalle ba ne a sami tafintanta a sabon tsari. Haka nan tsofaffin manhajojin lissafi da aka rubuta tun zamanin da, wasunsu ba su aiki ko kaɗan a Windows 11. Biron da ba ya iya buga takardar haihuwa kuwa, a wurin mutumin da ya yi tafiyar yini cikin rairayi domin karɓarta, daidai yake da rufaffen biro.

Na huɗu, na'ura ta ce lasisinta ba shi da inganci. Lasisin da ya zo tare da na'ura daga kamfani yana ɗaure da babban allonta, in an sauya allon sai tsari ya ɗauka wata na'ura ce dabam. Na biyar kuma, wanda ya fi duka haɗari, shi ne kulle. Sababbin na'urori da yawa suna kulle faifai da makullin sirri mai suna BitLocker. Idan aka taɓa allo ko aka kai faifan wata na'ura, sai ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. In babu wanda ya rubuta wannan lamba ya ajiye, ko mai gyaran da ya fi kowa ƙwarewa a Yamai ba zai buɗe faifan ba.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da harsunan ƙasa. Tun taron Bamako na shekarar 1966 ake ƙoƙarin daidaita baƙaƙen harsunanmu, a shekarar 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsai da ƙa'idojin rubuta su. Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kanuri, harshen Mangawan ƙasar Gure, yana da nasa, irin su ǝ. Kafin ƙa'idar duniya ta Unicode ta bazu, masu buga littattafan yaƙi da jahilci sukan yi dabara: a ɗauki wani salon baƙaƙe na musamman, a sa ƙ a gurbin wata alamar da ba a cika bukata ba. Muddin takardar tana cikin tsohuwar na'ura, kome daidai. Ranar da aka kai ta sabuwa wadda ba ta da wannan salo, sai ƙ ta rikiɗe ta zama wata alama, ko wani ya gyara da hannu ya mai da ita k. Ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, sunan mutum ya sauya a takardarsa. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wannan ya wuce ƙaramar magana. Maganinta kuwa yana nan kyauta: salon baƙaƙe irin su Andika, wanda aka tsara musamman domin masu koyon karatu, da Charis SIL, dukansu suna bin Unicode, manhajar Keyman kuma tana ba da damar buga waɗannan baƙaƙe a kan allon rubutun da muka saba da shi.

Wasu za su ce: to a bar tsohuwar na'ura mana, tun da tana aiki, kuma ba ta haɗe da intanet. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin kuɗin ƙaramar hukuma ba su da yawa, kuma rijiya da ɗakin shan magani sun fi kwamfuta gaggawa. Sai dai cutar na'ura ba ta intanet kaɗai take bi ba. Ƴar ma'ajiyar USB da ke yawo daga biro zuwa shagon buga takardu ta isa ta kawo ta. A watan Mayu 2017 cutar da ake kira WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka ɗage ganin marasa lafiya, kuma waɗanda ta kama su ne na'urorin da ba a yi wa gyaran tsaro ba. Ga kuma ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗaukewar wuta, waɗanda ke rage kwanan kowane faifai. Tsohuwar na'ura za ta tsaya ko an so ko an ƙi. Gara a yi ƙaura da shiri bisa a yi ta ranar da gobara ta tashi.

Wasu kuma za su ce a rabu da Windows gaba ɗaya a koma Linux, wanda ba a biyan lasisinsa kuma yana tafiya a tsofaffin na'urori. Wannan hanya ce ta gaske. Jandarmomin Faransa sun bi ta tun shekarar 2008, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta yanke shawara a shekarar 2024 ta mai da na'urori kusan 30,000 bisa Linux da LibreOffice. Amma birnin Munich, wanda ya riga su, ya yi shekaru bisa Linux sannan majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a shekarar 2017. Darasin shi ne sunan tsari ba ya ceton kowa. Abin da ke ceto shi ne horar da ma'aikata da kuma tabbatar da cewa manhajar da ake aiki da ita kullum tana tafiya a sabon wuri. Bai kamata kowace ƙaramar hukuma ta yi gaban kanta ba. Shawara ce da ya dace a yanke a sama, domin takardar da aka rubuta a Bune ta buɗu a Gure, a Damagaram da Yamai.

Ga abin da muke ganin ya wajaba kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. A kwafe dukan takardu wuri biyu dabam, ɗaya ya kwana a wani gini, in da hali a babban birnin gunduma. A buɗe kwafin a wata na'ura a gani, domin kwafin da ba a gwada ba alkawari ne kawai. A rubuta cikin littafi, da alƙalami, sunan kowace manhaja da lasisinta da kalmar sirri da lambar ceto, a ajiye littafin inda ake ajiye hatimi. A zo da tsarin da za a zuba da dukan tafintocinsa cikin ma'ajiya tun daga birni, domin Windows 11 kaɗai ya haura jiga 5, kuma jawo shi ta layin salula a ƙauye aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Kada a fara aikin sai da batirin tsaro da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, domin yankewar wuta a tsakiyar juya faifai tana iya lalata shi. A duba kwanan wata na na'ura, domin ɗan batirin da ke kan allo in ya mutu, takarda za ta iya fita da shekarar da ba ita ba.

Bayan an gama kuma, kada a goge tsohon faifai, kada a ba da tsohuwar na'ura kyauta. A ajiye ta wata uku aƙalla. Wanda ya ɗaga Windows 10 zuwa 11 a na'ura guda ya sani cewa kwana 10 kawai aka ba shi na komawa baya cikin sauƙi. Ranar da za a rabu da tsohon faifai kuwa, a goge shi sarai, domin sunayen mutane da asirinsu ba kayan kasuwar tsofaffin ƙarafa ba ne.

Kira na ƙarshe ga masu sayen kaya da masu ba da taimako. An saba a ƙidaya na'urori nawa aka raba, a ɗauki hoto, a watse. Ya kamata kowace yarjejeniyar saye ta ƙunshi kuɗin ƙaurar takardu da na koya wa mutum biyu na wurin, waɗanda za su zauna bayan mai gyara ya hau mota ya koma birni. Sakataren da ya iya kwafe takardu duk ranar Juma'a ya fi wa ƙaramar hukuma amfani bisa ƙwararren da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Manomin Bune ba ya rushe tsohon rumbu sai ya auna hatsin da ya shiga sabo, tiya bayan tiya. Abin da muke roƙon shugabannin ma'aikatu ke nan: su auna, su ƙidaya, su buga takarda guda ta gwaji mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sannan su sa hannu.