Har Yaushe Za Mu Zama Ado A Hoton Wasu?

'Yan uwana Hausawa mazauna Lafia da kewaye. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun bayan Sallah, na ga gara in faɗe ta ko da wasu za su ji haushi.

Ina zaune a rumfar mahaifina a kasuwa sai wani abokina ya nuna mini hotunan da wani Bature ya ɗauka a Hawan Daushe na Kano. Wallahi hotunan sun yi kyau, ga lifidi, ga kakaki, ga 'yan bindiga. Amma duk wanda ke ciki, abin da aka rubuta a ƙasansa bai wuce "mahayin doki" ba. Ba suna, ba sarauta, ba unguwa, balle a ambaci badukun da ya ɗinka kayan dokin. Wannan Baturen dai ya je kamun kifi na Argungu, ya je bikin Wodaabe a Ingal ta Nijar, ya je har Brazil, ya jera mu duka wuri ɗaya kamar atamfa a shago. Shi ya samu suna da kuɗi, wanda ya ci bashi ya ciyar da doki bai ma san an ɗauke shi ba.

Na san za a ce ai talla ce ga al'adarmu, tunda UNESCO ta sa bikin Argungu cikin kayan gadon duniya a 2016, ta sa hawan Kano a 2024. To madalla. Amma bikin Argungu na yanzu ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ya kai wa Kabawa a 1934. Wanda ya ga hoton ƙato rungume da giwan ruwa kawai, ina ya san wannan?

Sai dai Bature ba shi ne babban mai laifi ba, mu ne. Duk Sallah wayoyinmu cike suke da hawan Kano da Katsina da Zazzau, muna ta turawa muna cewa "gida ke nan", kamar a nan ba a hawa. Marigayi Sarkin Lafia Isa Mustafa Agwai ya yi sama da shekara 40 a kan gado kafin rasuwarsa a 2019, iyayenmu sun yi ta fita gaisuwar Sallah a zamaninsa. Wa ke da hotonsu? Kakana ya zo garin nan fatauci, a nan ya haifi mahaifina tun ba a ƙirƙiri Jihar Nasarawa a 1996 ba, a nan aka binne shi. Na bincike gidanmu kaf, hotonsa ɗaya na samu, ɗan ƙaramin da ke jikin kati. Ranar da wani ya ce mini "ku baƙi ne", me zan nuna wa ɗana? Hoton dokin Kano?

Abin kunya kuma, abin da Bature ke mana shi muke wa maƙwabtanmu. Yaranmu kan je bikin Alago a Doma ko Keana, su ɗauki masu rawa, su turo ana dariya, ba su tambayi sunan kowa ba balle ma'anar abin. Ban ce kowa ya shiga abin da addininsa ya hana ba. Amma wanda ba ya so a mai da shi abin kallo, kada ya mai da wani.

Saboda haka, samari masu manyan wayoyi, Sallah mai zuwa ku fara da gida. Ku nemi izini, ku ɗauki Sarkin Pawa da mahautansa, da makaɗan unguwa, da 'yan dambe, da tsoffin da suka kafa rumfunan da muke ci a ciki. Ku rubuta suna da unguwa da shekara, sannan ku kai a wanke hoton a ajiye, don waya kan faɗa ruwa, ɓarawo ma na son ta. Tsoffin nan kullum raguwa suke yi.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu lafiya.