Ruwan Lambatu Bai San Iyakar Ƙaramar Hukuma Ba

Duk wanda ya yi damina ko da ɗaya ce a Ikko ya san abin da kan faru in an kwana ana ruwa. Da gari ya waye sai a tarar lambatu ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga rumfuna da ɗakunan kwana, ya jiƙa buhunan albasa da na wake, yara kuma su kasa fita zuwa makaranta. Idan mutanen unguwa suka kai kuka sakatariyar ƙaramar hukumarsu, amsar da sukan samu ita ce wai sharar da ta toshe musu hanyar ruwa daga ƙasar wata hukuma ta gangaro. In sun je can ɗin kuma a ce musu ai babban lambatu na Gwamnatin Jiha ne. Haka za a yi ta tura su gaba har damina ta wuce, a manta da maganar, sai kuma baɗi.

Wannan al'amari ya shafi 'yan Arewa mazauna Ikko ƙwarai, domin yawancinsu suna zaune ne ko suna neman abinci a wuraren da ruwa ya fi yi wa ɓarna, watau kasuwanni da tashoshin mota da unguwannin da ke bakin fadama. Babban dalilin wahalar kuwa shi ne birnin ɗaya ne, amma majalisun da ke kula da unguwanninsa sun kai 57, kuma ba a saba ganin sun haɗa kuɗi da ma'aikata kan aiki guda ba, kowace tana tsayawa a iyakarta.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi har suka kai wannan yawa. Cikin 1976 ne gwamnatin soja ta yi gyaran da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasar nan duka, aka bar tsarin En'e. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, ya ba Jihar Legas 20, alhali Jihar Kano tana da 44. Cikin 2003 gwamnan Legas na lokacin, Bola Tinubu, ya ƙirƙiro sababbi 37, shi kuwa Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Disamba na 2004 cewa Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma kuma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin Tsarin Mulki. Daga nan aka mai da su majalisun raya yanki, aka bar musu ciyamomi da kansiloli, ana raba kuɗin hukumomi 20 tsakanin majalisu 57.

An ce an yi haka ne domin a kusantar da mulki ga talaka, kuma gaskiya ne an rage wa mutane tafiya. Amma fa duk sabuwar iyaka da aka ja, an ƙara wurin da aiki zai tsaya. Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da bayan gida na jama'a, da kwashe shara, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa. A Legas an raba aikin lambatu ne ta yadda manyan hanyoyin ruwa suke hannun Ma'aikatar Muhalli ta Jiha, ƙananan kwatoci na cikin unguwa kuwa suke hannun majalisu. A takarda wannan rabo ya yi kyau, amma ruwa ba ya karatu. Rafin Odo Iya Alaro ya taso daga wajen Ikeja, ya bi ta ƙarƙashin gadar da ke tsakanin Maryland da Ojota, ya gangara Ogudu kafin ya faɗa tafkin Ikko. Ledar da aka jefa cikin kwata a Ikeja, mutumin Kosofe ne zai kwana cikin ruwanta. Ko da ciyaman ɗaya ya yashe nasa kwatocin sau goma, in na sama da shi bai yashe ba, aikin banza ya yi.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne Gwamnatin Jiha ta karɓe ayyukan duka, a huta da majalisu. Suna da hujja. Tun 1977, shekarar bikin FESTAC, jihar ta kafa hukumar kwashe shara saboda ƙananan hukumomi sun kasa, ita ce ta zama LAWMA cikin 1991. Haka nan hukumar sufuri ta LAMATA ita ta kawo manyan motocin safa masu hanyarsu dabam daga Mil 12 zuwa cikin tsibiri cikin 2008, da jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mil 2 cikin 2023. Babu ƙaramar hukumar da za ta iya irin wannan aiki ita kaɗai, kuma daidai ne a bar wa jiha shi.

To amma ma'aikacin da ke zaune a Alausa ba zai san lungun da motar shara ba ta iya shiga a Agege ko Ijora ba, kuma ba zai san mai gidan da ya gina shago a kan kwata da dare ba. Kansila da duba-gari da mai unguwa su ne suka san wannan. An ga misali cikin 2018, lokacin da jiha ta canja tsarin kwashe shara, ta kuma hana masu tura shara a amalanke, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne. Shara ta taru a manyan tituna wata da watanni, a watan Maris na shekarar kuma babban jujin Olusosun da ke Ojota ya kama wuta, hayaƙi ya rufe unguwannin hukumomi da dama. Da cutar amai da gudawa ta ɓarke a watan Yuni na 2024, ba ta tsaya a hukuma ɗaya ba, domin mai sayar da abinci yana kwana a wata hukuma ne, ya ɗebi ruwa a wata, ya kasa kayansa a wata.

Masu acaɓa su ma sun ɗanɗana. Ran 1 ga Yuni 2022 jiha ta hana sana'arsu a ƙananan hukumomi 6, a watan Satumba ta ƙara 4, har da Mushin da Kosofe. Waɗanda ba su koma gida ba sun kwarara cikin sauran hukumomin da hanin bai shafa ba, alhali kuwa ba a ga wani shiri na haɗin gwiwa da waɗannan hukumomi suka yi domin karɓarsu ba, ko na tasha, ko na rajista.

Kada a ce haɗa kai ba ya yiwuwa, domin an taɓa yi. A watan Janairu na 2022 jiha da majalisu da ƙungiyoyin direbobi suka amince a haɗe harajin gwamnati da motocin haya ke biya ya zama Naira 800 a rana, a biya sau ɗaya, maimakon kowace hukuma ta tare hanya da nata tikiti. Bai hana 'yan ƙungiya karɓar nasu ba, amma ya nuna in maganar kuɗi ce ana iya zama a daidaita. Cikin 2021 gwamnonin Legas da Ogun sun sa hannu kan kafa hukumar haɗin gwiwa, abin da ya dace ƙwarai, tun da ruwan da ke cin Isheri da Agiliti da kasuwar shanu ta Kara yakan ƙaru ne in an saki madatsar Oyan da ke Jihar Ogun. A Landan ma, da aka rushe babbar majalisar birnin cikin 1986, gundumomi 7 na arewacin birnin sun shiga ƙarƙashin hukuma guda ta zubar da shara, kowace gunduma tana tura kansilolinta tana kuma biyan rabonta. Abin da jihohi biyu suka iya, bai kamata ya gagari Agege da Orile-Agege ba.

Da can uzurin ciyamomi shi ne kuɗinsu yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. An daɗe ana jayayya kan yadda za a aiwatar da hukuncin, amma ko ta yaya ta kaya, akwai haɗari guda da ya kamata a hango. In kowane ciyaman ya ga kuɗi a hannunsa ya kama gina ƙofar gari da sabuwar sakatariya da sayen motocin shiga, to birnin zai ƙara rarrabuwa, ambaliya kuma tana nan.

Saboda haka ya kyautu Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar da za ta tilasta wa majalisun da lambatu ɗaya ya ratsa su kafa kwamiti guda, mai asusu guda, kowace ta riƙa zuba wani kaso a ciki. A sa ranar yashe kwata ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kafin ruwa ya sauka a watan Afrilu, kuma motar kwashe laka ta biyo baya nan take, domin abin da aka saba gani shi ne a tara laka a bakin kwata, ruwan farko ya mai da ita inda ta fito. Majalisu uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi motar haƙa guda wadda ɗaya ba za ta iya saye ba. Manyan kasuwanni irin su Mil 12 da mahautar Oko-Oba suna ciyar da birnin duka, don haka bai dace a bar wa majalisa ɗaya nauyin shararsu da bayan gidansu ba. Rasit ɗin da ɗan tireda ko mai tura kaya ya yanka a wata hukuma, a karɓe shi a maƙwabciyarta. Masu tura shara kuwa, gara a yi musu rajista a nuna musu wurin zubarwa da a bar su suna aiki a ɓoye, suna juyewa cikin lambatu da tsakar dare. Sa'an nan a riƙa liƙa lissafin kuɗin kwamitin a allon sakatariya inda kowa zai gani.

Su ma 'yan Arewa akwai nasu laifi, kuma faɗinsa ya fi ɓoye shi. Ruɓaɓɓen tumatir da ake turawa cikin kwata bayan an tashi kasuwa, da tumbin dabbobi, da rumfar da aka kafa a kan hanyar ruwa, ba ciyaman ne ya zuba su ba. Daɗin daɗawa, da yawa sun shekara 20 ko 30 a Ikko, sun haifi 'ya'ya sun aurar, amma har yanzu katin zaɓensu na can gida, ba sa zuwa taron ƙungiyar raya unguwa, ba su ma san sunan kansilansu ba. Suna biyan kuɗin rumfa da tikiti kullum, amma ranar rabon aiki ba a tuna da su, domin ɗan siyasa ƙuri'a yake ƙirgawa. Hausawa sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, saboda haka ba baƙi ba ne da za su ji nauyin tambaya.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suna da abin da ciyamomi ba su da shi, watau jama'arsu ta ratsa iyakokin nan duka. Sarkin Hausawan Agege da na Idi-Araba da shugabannin Mil 12 da Alaba Rago suna haɗuwa wajen biki da ta'aziyya da sasanta rigima. In suka haɗa takarda guda, tare da maƙwabtansu Yarabawa da Ibo da ruwa ke ci tare da su, suka lissafa wuraren da ke toshewa kowace shekara, suka kai wa ciyamomin da abin ya shafa a rana ɗaya, zai yi wuya wani ya ce laifin na maƙwabcinsa ne, tun da ga maƙwabcin nan zaune. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokacin yin wannan aiki kuwa shi ne rani, tun lambatu yana bushe, domin in hadari ya haɗu sai kwashe kaya.