Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓe Kuɗi

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo wanda ake rungume ƙwallon a hannu a yi gudu da shi. Babbar ƙungiyar wasan ana kiranta NFL. Cikin shekara ta 2016, wani ɗan wasa baƙar fata na birnin San Francisco, mai suna Colin Kaepernick, ya ƙi miƙewa tsaye lokacin da ake rera taken ƙasa. Da farko zama yake yi. Daga baya, bisa shawarar wani tsohon soja, ya koma durƙusawa a kan gwiwa guda. Dalilinsa shi ne yadda ƴan sanda ke kashe baƙar fata ba tare da an hukunta su ba.

Abin ya tada ƙura. A watan Satumba na 2017 shugaban ƙasa Donald Trump ya nemi masu kulob-kulob su kori duk ɗan wasan da ya durƙusa. Shi kuwa Kaepernick, tun rabuwarsa da kulob ɗinsa cikin watan Maris na 2017, babu wanda ya sake ɗaukarsa. Ya kai ƙara cewa an haɗa baki ne aka rufe masa ƙofa, aka sasanta a watan Fabrairu na 2019, amma bai koma fili ba.

Ana cikin haka, a farkon Satumba na 2018, kampanin Nike mai sayar da takalma da rigunan wasa ya fito da hotonsa cikin talla, tare da kalmomin da ke kira ga mutum ya tsaya kan abin da ya gaskata ko da zai rasa komi. Nan take jama'a ta rabu biyu. Waɗansu suka ƙone takalmansu suna nuna hoton wutar a intanet. Waɗansu suka ruga kantuna. Darajar hannun jarin kampanin ta faɗi da misalin kashi 3 cikin ɗari a rana guda, amma kafin watan ya ƙare ta hau inda ba ta taɓa kaiwa ba.

Masu ƙone takalma suna cewa a raba wasa da siyasa, kuma durƙuson cin mutuncin tuta da sojoji ne. Wannan magana tarihi bai goyi bayanta ba. A 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja zuwa yaƙin Vietnam, aka ƙwace masa kambun dambe, sai a 1971 kotun ƙoli ta wanke shi. A ranar 16 ga Oktoba 1968, a wasannin Olimpik na birnin Meziko, Tommie Smith da John Carlos suka hau karɓar lambobinsu na tseren mita 200 ba takalmi, sai baƙar safa, suka ɗaga dunƙulallen hannu sama. Aka kore su daga wasannin. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da ashirin, har da Nijar, suka ƙaurace wa wasannin Montreal saboda mu'amalar wasa da Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata. Waɗanda aka zaga jiya, yau su ake yabo. Mutumin da ya durƙusa shiru, bai ɗaga wa kowa sanda ba, bai ci mutuncin ƙasarsa ba; ya tuna mata ne da alkawarin adalcin da ta ɗauka. Ita kanta NFL, bayan kisan George Floyd a 2020, shugabanta ya fito ya amsa cewa sun yi kuskure da ba su saurari ƴan wasa ba tun farko.

Saboda haka babu laifi ga kampani ya riƙe ɗan wasan da aka yi wa taron dangi. In har tsoron asara zai sa kowane attajiri ya guje wa mai faɗin gaskiya, to bakin ƴan wasa ya rufe ke nan.

Amma fa yabo yana da iyaka. Ɗan kasuwa ba ya taka rawa sai ya ji inda ganga ta nufa. Nike ya san masu sayen kayansa: samari da ƴan mata na manyan birane, waɗanda da yawansu ke bayan Kaepernick. Ya yi lissafi, lissafin ya fita. Kuma a wannan shekara ta 2018, cikin watan Maris, kampanin ya sabunta yarjejeniyar ɗinka wa NFL riguna har zuwa 2028. Watau yana cin riba wajen wanda aka rufe wa ƙofa, yana cin riba wajen masu ƙofar. Ɗan wasa ya rasa sana'arsa yana da shekara 29. Kampani ya samu ciniki, tallar ma ta ci lambar yabo a 2019. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wurin gane gaskiyar kampani shi ne inda adalci zai ci masa kuɗi. A 1996 mujallar Life ta buga hoton wani yaro a Pakistan yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike. Sai da surutu ya yi yawa, a 1998, shugaban kampanin Phil Knight ya sanar da ƙara shekarun waɗanda za a ɗauka aiki a masana'antu. A watan Mayu na 2019, gwanar tsere Allyson Felix ta bayyana cewa kampanin ya nemi rage mata kuɗi da kashi 70 cikin ɗari a zamanin da ta samu ciki ta haihu. Sai bayan kunya ta kama shi ya canza dokarsa game da mata masu ciki. A watan Oktoba na wannan shekara, da wani jami'in kulob ɗin ƙwallon kwando na Houston ya goyi bayan masu zanga-zangar Hong Kong, kayan kulob ɗin sun ɓace daga kantunan Nike a ƙasar Sin. A can ba a ga jarumtar talla ba, domin kasuwar babba ce.

Darasin a fili yake. Wanda ya ƙone takalminsa, dukiyarsa ya ƙone, kuɗin kuwa tuni sun shiga aljihun kampani. Wanda ya sayi takalmi yana zaton ya yi yaƙi da zalunci, shi ma ya ruɗi kansa: sayen riga ba ya gyara kotu, ba ya hukunta ɗan sandan da ya yi kisa. Gyaran yana wajen doka, da ƙuri'a, da ƙungiyoyin jama'a masu haƙurin bin haƙƙi shekara da shekaru.

Ya kamata mai saye ya riƙa yi wa kowane kampani tambaya uku: nawa yake biyan mai ɗinki, yaya yake riƙon ɗan wasa in ya yi rauni ko ƴar wasa in ta haihu, kuma yana tsayawa kan maganarsa in riba ta juya baya? Wanda ya amsa su da aiki ya cancanci yabo. Kafin nan, girmamawa ta wanda ya sa gwiwarsa ƙasa ce, ya kuma biya da abincinsa.