Jarkar da aka yar a Dirku ta isa garka

Duk wanda ya taɓa cinikin tumatir a kasuwar Dirku ya san abin da nake nufi. Kayan miya sai sun keto Tenere a bayan mota daga Agadas, tafiyar fiye da kilomita 500 cikin rairayi, ko kuma su gangaro daga Libiya. Kafin su iso rabi ya lalace, sauran kuma mai saye ne ke biyan kuɗin wanda ya ruɓe. Ranar da hanya ta rufe, tukunya ce ke fara ji.

Shi ya sa nake mamakin masu ganin shuka a tukunya ko a jarka kamar wani ƙyale-ƙyalen matan Yamai. A Kawar ba ado ba ne, dabara ce da ta dace da ƙasar.

Matsalarmu ba rashin ruwa a ƙasa ba ce. Ruwan sama dai babu. A Bilma, maƙwabciyarmu ta kudu, abin da ke sauka a shekara bai kai milimita 20 ba. Amma rijiya ba ta da zurfi, shi ne ma dalilin dabinonmu. Abin da ke kashe shuka gishiri ne da kanwa. Arzikin da ya kawo ayarin raƙuma ɗaruruwan shekaru, shi ne ke ƙone saiwar tumatir. Dabino yana jurewa, latas ba ya iyawa. A jarka kuwa kai ne ke haɗa ƙasarka: rairayi mai tsabta daga tudu, da kashin awaki ko na raƙumi wanda ya daɗe ya huce.

Jarka kuma ba ta da wuyar samu a garin da matafiya ke ratsawa. Ta ruwa ko ta man girki nake nufi, ban da wadda ta ɗauki fetur ko gazuwal.

Sai dai a bi lokaci. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne daminarmu: tumatir, latas, albasa mai ganye, karas idan mazubin ya yi zurfi. Dare kan yi sanyi har ya kusa daskarar da ruwa, sai a jawo su jikin bango. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, tumatir ya daina ɗaure ƴaƴa, fure kawai yake zubarwa. A nan sai a koma ga masu taurin rai, yakuwa, lalo, kuɓewa, zogale, a mayar da su ƙarƙashin rumfar ganyen dabino. Garkar ƙasa ba ta gudun iska mai rairayi; jarka kuwa yaro ma ya ɗauke ta.

Na yi asarar na'anata ta farko saboda ban huda gindin jarkar ba. Cikin mako uku farin gishiri ya fito a saman ƙasar, ganyen ya ƙone daga baki. Ruwan rijiya na ƙafewa ya bar gishirinsa, kullum yana taruwa. Maganinsa huji, da kuma kwarara ruwa sosai lokaci-lokaci har ya zuba ta ƙasa. Baƙar roba ma tana dafa saiwa da rana. A naɗe ta da tsohon buhu.

Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, fure kuma? Ci za a yi?" Ban yi masa musu ba, amma matarsa na sayen lalle da kuɗi, ga shi kuwa lalle na son zafi, furensa na ƙamsasa tsakar gida da yamma. Ɗoɗɗoya ma haka. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da ake watsarwa a ƙasa ya ishe su, muddin babu sabulu.

Jarka goma ba za su hana motar Agadas zuwa ba, gero da shinkafa dole a kawo su. Amma masu kawo mana ayyukan raya ƙasa, waɗanda kullum hankalinsu na kan babbar garka da injin ban-ruwa, su gwada kawo iri mai kyau a watan Oktoba, su raba wa mata gida-gida.