Wuƙar aljihu ta aiki ce, ba ta faɗa ba



Dattawanmu ba su fita ba wuƙa. Da ita malam ke fiƙe alƙalami, makiyayi ya yanke igiya, matafiyi ya fere rake. Ran Sallar layya kuwa kowa ita yake nema. Amma sai ka shekara da dattijo ba ka ga bakin wuƙarsa ba, tana cikin kube sai aiki ya taso.

A Faransa akwai masu tara wuƙaƙe don sha'awa. Opinel, mai ƙotar icce da ake naɗewa, tun 1890 ake ƙera ta a yankin Savoie, har yau suna alfahari da ita. Mu ma muna da namu: maƙeran Agadez da wuƙar damtse ta Abzinawa, ga dukawan Damagaram masu ɗinka kube.

To mi ya lalace? Yau yaro ke soke wuƙa a ƙugu ya tafi fada, ko wurin biki, ko filin kokowa. Gardama kaɗan, sai a kwashi wani zuwa asibiti, shi kuma komisariya. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, ya san inda wannan hanya ke kaiwa.

Ni ban ce a hana ba. Ku saya wurin maƙeranmu, sana'ar ta rayu. Amma in taro za ka, bar ta gida. Iyaye kuma, in za ku ba yaro wuƙa, ku fara koya mai haƙuri.

Allah shi kiyaye. Ina jiran ra'ayinku.