Sayi Mai Araha, amma Kada Ka Tilasta Mata Gudu

A Anguwan Rukuba, kamar sauran unguwannin Jos, matasa da yawa suna sha'awar wasannin kwamfuta, musamman na ƙwallon ƙafa da na tseren mota. Wanda ya gaji da biyan kuɗi a shagon wasa yakan fara tari don ya harhaɗa tasa kwamfutar. Abu na farko da zai zaɓa shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke yin lissafin da wasa yake buƙata. A nan ne abokai sukan ce masa, "Sayi mai araha, sai ka ƙara mata gudu." A ganina, rabin shawarar nan ne kawai yake da amfani.

Mene ne ƙara gudu? Kowace ƙwaƙwalwa tana da saurin da kamfani ya ƙayyade mata. Mai kwamfuta yana iya shiga saitin babban allon na'urar ya ɗaga wannan sauri, ya kuma ƙara mata ƙarfin wuta kaɗan. Aiki zai yi sauri, amma zafi zai ƙaru, kamar yadda injin keke mai ƙafa uku yake zafi idan an cika shi da kaya a hawan tudu.

Dabarar tana da tarihi mai daɗin ji. A shekarar 1998, kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, mai gudun megahaz 300, sai masu wayo suka kai ta 450, ta kama ƙafar ƙwaƙwalwar da ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. A 2014 ma, Pentium G3258 ta fito da gigahaz 3.2, mutane da yawa suka wuce da ita 4. A wancan zamani, mai ƙaramin ƙarfi yakan ci riba sosai.

Yau abin ya canza. Ƙwaƙwalwar zamani tana ƙara wa kanta gudu idan aiki ya yi nauyi. Ryzen 3 3200G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2019, tana tashi daga gigahaz 3.6 zuwa 4 ba tare da an taɓa komai ba. Abin da ya rage a matse daga cikinta kaɗan ne, da wuya ido ya ga bambancinsa a cikin wasa.

Wani zai ce, "Ai mu a Jos muke, garin sanyi." Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma na'urar da ke shan iska mai sanyi ta fi ta Sakkwato hutawa a watan Afrilu. Amma lokacin da sanyi ya fi tsanani shi ne lokacin hunturu, hunturu kuwa da ƙura yake tafe. Ƙurar tana toshe fanka, tana rufe ƙarfen da ke ɗebe zafi, sai na'ura ta dinga zafi alhali mai ita yana sanye da rigar sanyi. Ga kuma matsalar wutar lantarki. A ɗauke, a kawo, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci da rauni, sannan a koma kan janareta. Kwamfutar da aka matsa har iyakarta ba ta da sauran juriya ga irin wannan. Idan babban allo ya ƙone, tarin wata shida ya tafi, kuma kayan da aka saya na hannu ba kasafai ake mayar da su ba.

To, ina ya kamata kuɗin ya tafi? A zaɓi ƙwaƙwalwar da ke da sashen zane a cikinta, irin 3200G, ko Ryzen 5 5600G ga wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi. Wannan zai raba mutum da sayen katin zane na dabam, wanda sau da yawa shi ne kaya mafi tsada. A sayi RAM guda biyu masu gigabait 8 maimakon guda ɗaya mai 16, domin sashen zanen da ita yake aiki, kuma hanya biyu ta fi ɗaya saurin kai saƙo. Wannan kaɗai ya fi ƙara gudu tasiri. Sauran kuɗin a sa shi a akwatin wuta mai inganci da na'urar daidaita lantarki. A nan ne araha ba ta ado.

Ban ce a haramta gwaji ba, domin ta gwaji ne yaro yake zama makaniki. Wanda ya nace, ya tabbatar allonsa ya yarda da hakan: B450 ya yarda, A320 kuwa bai yarda ba. Ya ɗaga saurin kaɗan-kaɗan, ya buga wasa na awa guda yana duba ma'aunin zafi. Idan zafin ya doshi digiri 85, ko hoto ya daskare, ya mayar da saitin yadda yake, ya kashe na'urar, ya buɗe akwatin ya kakkaɓe ƙurar da ke kan fanka.