Albasa Na Isowa Legas Kullum, Me Ya Hana Daddawa?



Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau zan faɗe ta, wanda zai ji haushi ya ji. Kullum manyan motoci na shigowa Mile 12 maƙare da albasa da tumatir da tattasai da attaruhu daga Arewa. Raguna na sauka Legas, shanu na isa Oko-Oba. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce daga Kano, amma tumatir da ke ruɓewa cikin kwanaki yana zuwa. To me ya sa matar Bahaushe da ke Agege ko Idi-Araba ko Obalende, in tana son daddawa mai kyau, sai ta jira wani ya je gida ya dawo? Me ya sa karkashi da tafasa da daddawar batso da man shanu na gaskiya suka zama kayan tsaraba, alhali busassu ne ko masu jimirin ajiya?

Nisa bai hana ba. Rainin da muke yi wa abin ne ya hana. Fatakenmu na ganin kuka da daddawa sha'anin mata ne, ribarsa ba ta kai a ba shi gurbi a mota ba. Mu kuma magidanta ba mu taɓa zama mun ce a kawo ba, sai dai mu ci tuwo mu yi ƙorafin miya ba ta yi daɗi ba.

Na san wani zai ce ai ana samu a kasuwa. Ana samu, amma wane iri? Kuka mai kyau a inuwa ake shanya ta, ta fito kore shar. Wadda ta daɗe a buhu a nan, ta sha damshin damina, sai ta koma ruwan ƙasa, ta yi warin funfuna, yauƙin ma ya tafi. Mai sayarwa ya san ba ka da wani zaɓi, shi ya sa yake tsuga mata kuɗi. Duk wanda ya sayar wa ɗan uwansa lalataccen kaya yana sane, ya ji tsoron Allah, don algus haramun ne ko a kan kukar miya ne.

Wani kuma zai ce a yi amfani da iru na maƙwabtanmu Yarabawa, ai duk kalwa ce. Gaskiya ne, uwa ɗaya ce ta haife su, wato itacen ɗorawa. Amma iru ɗanye ake sayar da shi, ƙwaya-ƙwaya, an yi shi don irin miyarsu. Tamu ana dafa kalwa ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya a rana. Wannan bushewar ce ke ba ta ƙamshin da ke zama a miyar kuka. Abin da ya kamata mu koya daga Yarabawa shi ne kishin abinsu. Babu kasuwar da za ka shiga a Legas ka rasa iru. Inyamurai ma sun taho da ogiri ɗinsu. Mu kaɗai ne muka bar namu a baya.

Masu cewa dunƙule ya wadatar su ma ina da magana da su. Mafi yawan abin da ke cikin dunƙule gishiri ne, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan yawan gishiri da hawan jini. Daddawa kuwa abinci ce mai gina jiki, da ita kakanninmu suka yi miya a ranar da babu nama. Ban ce a daina dunƙule ba, amma a zuba huɗu ko biyar a tukunya don a rufe rashin daddawa, wannan cutar kai ce.

Abin da ya fi damuna yaranmu ne. Yaron da aka haifa a nan, in aka kai shi gida hutu, sai ya toshe hanci don kakarsa na daka daddawa. Yarinya ta kai aure ba ta san bambancin kimba da masoro ba, ba ta san jar kanwa da ungurnu ba. Harshe ya fara kuɓuce musu, yanzu ga tukunya ma tana bin baya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don haka zan gabatar da shawara uku a taro mai zuwa. Na farko, mu nemi 'yan uwanmu masu lodin albasa da hatsi su ware mana gurbin buhu kaɗan a kowane wata, mu biya kuɗin dako. Na biyu, ɓangaren mata su yi adashi su sayo kai tsaye daga hannun masu yi a ƙauyukanmu, musamman bayan an girbe ɗorawa da bazara, lokacin da kalwa ke da yawa. Hakan zai amfani tsofaffin da wannan ce sana'arsu. Na uku, a samu mutum biyu ko uku amintattu su riƙa ajiyar kayan a robobi masu murfi, nesa da damshi, su sayar da riba daidai gwargwado.

Wanda ke da mota ko yake da hanya da masu yi a gida, ya zo taro da bayaninsa. Wanda ke ganin ban yi daidai ba, shi ma ya zo ya faɗa a gaban jama'a. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya sa mu dace, Ya bar zumunci.

Sakatare